Wutar da Aka Rufe da Filasta

Ku yi mini afuwa, manya. Ban taɓa rubuta labari ba sai yau, kuma sau uku ina yage shafin farko kafin in bar wannan. In kun ga inda na yi tuntuɓe ku tsallake, ku bi motar kawai, don ita ce labarin.

Motar ta mutu ne a bakin titi kusa da Tsiga, ranar kasuwar Funtua, a farkon daminar 1989. Tun daga Malumfashi take tari tana fitar da baƙin hayaƙi. Da suka hau wani ɗan tudu sai ta yi shaƙuwa sau biyu, ta gangara gefe a hankali, ta yi tsit.

Mutum uku ne a ciki. Malam Istifanus na Ƙarfi, manomin auduga kuma dattijo a coci, shi ke tuƙi. A baya akwai yayarsa, Gwaggo Atu, mace mai jiki da murya, sai 'yarsa Salome, 'yar aji huɗu a makarantar 'yan mata, wadda ta zo hutu. An ɗora wa Salome babban kwanon ƙwan zabi a cinya, na Gwaggo ne za ta kai kasuwa, an kuma ce in ɗaya ya fashe ta san sauran.

Doguwar mota ce, mai faɗi, ruwan ƙasa. Wata baturiya ce ma'aikaciyar asibitin mishan ta zo da ita daga ƙasarsu, ta more ta shekara bakwai, da za ta koma gida aka sa ta a kasuwa. Malam Istifanus ya sayar da bijimansa biyu na huɗa ya saye ta, wai zai riƙa ɗaukar fasinja ranakun kasuwa. Duk Ƙarfi babu wanda bai yi masa magana ba. Yanzu ga ruwa ya sauka, maƙwabta sun fita da shanunsu, tasa gonar ko kunya ɗaya ba a ja ba. In motar nan ta mutu mutuwar gaske, ba shanu, ba mota, ga dariyar gari.

Ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Warin fetur ya cika motar. Sai ya kashe, ya fita, ya rufe ƙofarsa, ya ɗaga bonet ya tsaya yana kallon ciki kamar mai duba rijiya.

Ya manta da na baya. Ƙofofin baya tun zamanin baturiya mariƙinsu na ciki ya karye, sai daga waje ake buɗe su. Gilasan kuma na lantarki ne, in an kashe makulli ba sa motsi. Da ma an ɗage su tun a hanya saboda hayaƙi.

"Istifanus!" Gwaggo Atu ta buga gilashi da tafin hannu. "Kai! Dafa mu za ka yi?"

Bai ji ba. Bonet ya tare shi, ga manyan motocin hatsi suna wucewa da ƙara.

Salome ba ta kira shi ba, don ba ta saba ba. Ita ce 'yar fari, kuma mutanensu, duk da sun shiga coci tun zamanin kakanta, ba su bar kunyar ɗan fari ba. Tun da aka yaye ta aka miƙa wa Gwaggo, a gidanta ta girma. Ubanta bai taɓa kiran sunanta ba. In ya zama dole sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa," ko da tana tsaye a gabansa. Ita ma tsakaninta da shi gaisuwa ce, a durƙushe, kai a ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce. Shi ya kai ta makaranta da kansa a kan keke, mil goma sha, bai ce mata uffan ba har suka isa.

Abin da ke cinta a wurin zaman nan shi ne ta san wani abu game da motar.

A gaban sitiyari, gefen agogon gudu, akwai 'yar wuta rawaya. Mako biyu da suka wuce ta kama, ta ƙi mutuwa. Malam Istifanus ya nuna wa wani mai gyara a Malumfashi, shi kuwa ya ce wutar ƙasar sanyi ce, tana gaya wa Turawa ƙanƙara ta kusa, a nan ba ta da aiki. Da ta dami idonsa sai ya yanko filasta ta ciwo ya manne a kai. Tun ranar motar ke shan mai kamar rariya.

Ita kuwa Salome, da hutu ya yi tsawo ta karance duk abin karantawa a gidan, har da bayan kwalin magani, sai ta tsinci wani ƙaton littafi a but ɗin motar ƙarƙashin taya. Littafin gyaran motar ne, da Turanci, duk ya sha baƙin mai. Ta karanta shi kamar yadda take karanta komai, daga bango zuwa bango, rabi ba ta gane ba. Amma ta gane shafin wutar nan. Littafin ya ce akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin gaban motar da ke auna wa inji fetur, in ya ji wani abu ya lalace sai ya kunna wutar. In an san yadda ake tambayarsa, zai faɗi abin da ke damunsa. Kwana goma tana neman hanyar da maganar za ta kai kunnen ubanta. Ta gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta ce mota ba aikin mata ba ne, ta tashi ta tankaɗe gari. Littafin yanzu yana ƙarƙashin ƙafarta, ta ɗauko shi da safe ba tare da ta san dalili ba.

Can sai ga ubanta ya tsallaka titi, ya dawo da wani mutum gajere mai riga shuɗiya da ta zama baƙa. Maharazu ke nan, bakaniken da ke da rumfa a bakin hanyar. Suka shige ƙarƙashin bonet. Ta ɗan tsakanin bonet da gilashi Salome tana hango hannuwansu, muryoyinsu kuma suna shigowa ta ramukan iska.

"Malam, wannan ai ba mota ba ce, gidan rediyo ne," in ji Maharazu. "Ina kafiretonta?"

"Kai ne bakanike."

"Shekara ashirin ina wannan aiki ban taɓa ganin waya da yawa haka ba. Dubi nan. Dubi nan kuma. Duk na sanyin ƙasarsu ne, su ke shaƙe ta. Akwai wani akwati da suke zuwa, shi ne shaiɗanin. In datse su gaba ɗaya in ja maka waya guda daga batir, yadda muke yi wa kowace mota, ka ga ta huta kai ma ka huta."

"Za ta tashi?"

"In Allah ya yarda. Ku ma ai kuna cewa haka a cocinku ko?"

"Muna cewa."

"To mun haɗu. Bari in yi azahar in ɗauko babbar filaya. Zo ka zauna a inuwa, kada rana ta kashe mini kai kafin in gama."

Salome ta tuna littafin. A shafin akwatin nan, baturiyar ta yi rubutu da fensir a gefe, da Hausa, manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu a ƙasa: KADA A YANKE. Littafin ya ce in babu akwatin, ko ɗigon fetur ba zai shiga inji ba. Kuma irin wayoyin nan, a dunƙule suke kamar kitso, in an datse su babu mai mayar da su daga nan har Kaduna.

Ta ga ubanta ya bi Maharazu sun tsallaka titi. Bai waiwayo ba.

Zafi ya sauko musu. Kujerar roba ta manne da bayanta, gumi yana bin ƙafarta har cikin takalmi. Wani ƙuda da aka rufe tare da su yana ta dukan gilashi. Gabas ta fara haɗa hadari, iska ta tsaya cak. Kwanon ƙwai ya danne mata cinya har ƙafafun sun mutu, ba ta da inda za ta ajiye shi, buhun barkono ya cike ƙasan. Gwaggo tana fifita da bakin gyale tana ambaton sunan Ubangiji da na ƙanenta, ba da murya iri ɗaya ba.

"Gwaggo," ta ce, muryarta ta fito 'yar ƙarama. "In ya yanke wayoyin nan motar ta mutu ke nan."

"Wa ya ce?"

"Littafin."

"Ke da littafin nan! Mutumin da ya yi shekara ashirin..."

"Bai taɓa ganin irinta ba, da bakinsa ya faɗa. Gwaggo, shanun Baba ne fa."

Gwaggo ta daina fifita. Ita ta yi kwana biyu ba ta yi wa ƙanenta magana ba ranar da aka ja bijiman nan zuwa kasuwa. Ta dubi yarinyar, ta dubi hayin titi inda Maharazu ke alwala.

"To me kike so?"

"Ki riƙe ƙwan."

"Iye?"

"Ki riƙe, Gwaggo, don Allah."

Kwanon ya koma cinyar mai shi. Salome ta tattare zane, ta ɗaga ƙafar da ba ta jin ta, ta haura kujerar gaba da littafin a hammata. Ta faɗa mazaunin ubanta. Ba ta taɓa zama a wurin ba, har yanzu da ɗuminsa, sai ta ji kamar ta shiga ɗakinsa ba sallama.

"In ya gan ki, ni ban san ki ba," in ji Gwaggo.

Bonet ɗin da ya hana a ji su shi ya rufe ta yanzu. Ta buɗe shafin da ta naɗe. Ta sa farce ta ɓamɓare filastar, ta rasa inda za ta sa ta, ta manna a bayan hannunta. Ta sunkuya ƙarƙashin sitiyari tana lalube cikin ƙura da ɓawon gyaɗa har yatsanta ya taɓa wani ɗan soket mai ramuka jere biyu, daidai yadda aka zana. Littafin ya ce a haɗa ramuka biyu na ƙarshe da guntun waya. Ba ta da waya. Ta zare fil ɗin da ya riƙe mata ɗankwali, ta buɗe shi, ta lanƙwasa da haƙori. Ɗankwalin ya zame, ta bar shi. Sai a karo na uku fil ɗin ya zauna.

Makullin yana jiki. Ta murza shi taki ɗaya, ba har inji ya juya ba.

Wutar rawaya ta kama. Ta mutu. Ta ƙyafta sau ɗaya, ta dakata, ta ƙyafta sau biyu.

"Yesu!" Gwaggo ta matso da kwanonta. "Ido take kashe miki?"

"Gaisuwa ce. Sau uku za ta yi, sannan ta faɗi ciwon. Taya ni ƙirgawa, Gwaggo, idona yana ruwa."

Suka zuba ido. Bayan gaisuwa ta uku wutar ta yi ɗan jim. Ta ƙyafta ɗaya. Ta dakata.

"Ɗaya," in ji Gwaggo. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu... biyar. Ta tsaya."

"Ɗaya da biyar. Bari ta sake."

Ta sake, ɗaya da biyar. Ta kuma sakewa. Daga nan ta koma gaisuwarta.

Salome ta bi jerin lambobin da yatsa. Sha biyar. Ta karanta sau biyu tana motsa baki, tana juya Turancin a kanta. Akwai wani ɗan abu da aka ɗaura a jikin inji, kusa da inda babban tiyon lagireto ya shiga, shi ke gaya wa akwatin zafin inji. Sha biyar na nufin saƙonsa ba ya isowa, wayarsa ta tsinke ko ta cire. Akwatin sai ya ɗauka inji a sanyaye yake kullum, ya yi ta tura fetur har ya shaƙe shi.

"Waya ɗaya ce, Gwaggo. Guda ɗaya tak. Rawaya, tare da baƙa."

"Me zai tsinka waya a cikin inji?"

Sai Salome ta tuna inda motar ke kwana. Saboda tsoron yara, ubanta a jikin rumbun dawa yake ajiye ta, ya lulluɓe ta da zana.

"Ɓera," suka faɗa kusan tare.

A hayin titi Maharazu ya shafa addu'a, yana naɗe buzu. Salome ta danna maɓallin gilashin baya, ya sauka da ƙugi, iska ta shigo. Ta kashe makulli, ta zare fil ɗin, ta haura baya da sauri har gwiwarta ta bugi rufin. Ta karɓi kwanon. Gwaggo ta zura hannu waje ta buɗe wa kanta ƙofa.

"Ki gaya masa, Gwaggo. Kada ki ce ni ce."

"Da wa zan ce? Ni na yi makarantar?"

"Ki ce komai."

Mazan suka iso, Maharazu yana kaɗa wata filaya mai dogon hannu. Suka tarar da Gwaggo Atu tsaye a gaban motar, ta riƙe ƙugu, gumi ya jiƙa mata riga har ciki.

"Au, Yaya, na bar ku a rufe?" in ji Malam Istifanus.

"A'a, mu muka rufe kanmu don daɗi. Kai ɗan nan, ajiye almakashin nan."

"Filaya ce, Inna."

"Ko ma mece ce. Ba za ka yanke komai ba sai ka duba mini wuri ɗaya. Ɓera ne ya ci waya."

Maharazu ya yi dariya har ya dafa mota. "Inna, ke da inji kuma? A ina kika yi koyo?"

"A rumbu. Shekara arba'in ina yaƙi da ɓera, tun ba a haife ka ba na san warinsa. Duba wajen..." Ta tsaya. Ta koma da baya kamar za ta tofar da yawu, ta kara kunne a tagar.

"Inda babban tiyo ya shiga inji," Salome ta raɗa, kanta a sunkuye kan ƙwai. "Rawaya da baƙa."

Gwaggo ta dawo. "Inda babban tiyo ya shiga. Rawaya da baƙa."

"Yaya, ki bar mutum ya yi aikinsa," in ji Malam Istifanus. "Ga hadari."

"Aikinsa? Kai ka sayar da shanu ban hana ka ba, don ba ka tambaye ni ba. Yau kuwa ina tsaye. In ya duba bai ga komai ba, ya yanke har da taya."

Maharazu ya dubi mai motar. Mai motar ya dubi ƙasa, don tun suna yara bai taɓa cin Atu da gardama ba. Bakaniken ya ɗaga kafaɗa, ya soke filayar a aljihun baya, ya zura hannu bayan tiyon yana murmushi, irin na wanda ke biye wa tsohuwa.

Daga inda take Salome ba ta ganin komai sai gwiwar hannunsa. Ta ƙanƙame kwanon. In ta ƙirga ba daidai ba fa? In fensirin baturiya da littafin da ita duk sun yi kuskure? Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan rufin, ƙwas.

Gwiwar hannun ta daina motsi.

"Ikon Allah," in ji Maharazu a hankali. Ya jawo wata 'yar waya rawaya, bakinta a tattaune, zaren jan ƙarfen ya barbaje. Da ɗaya hannun ya zaro tsumma da ɓawon dawa, sheƙa guda. "Malam, har gida ya yi. Da iyalinsa kake yawo."

"Ka ce me?" in ji Gwaggo. "Ban ji ba, ka ɗaga murya."

"Na ce Inna ta fi ni. Gobe ki zo rumfa ki zauna, ni in riƙa kai ƙwai kasuwa."

Ya fere bakin wayar da reza, ya murɗe ta da 'yar'uwarta, ya naɗe. Ya kwance fulogogi, duk sun yi baƙi sun jiƙe da fetur, ya goge su ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Ruwa ya fara sauka sosai. Ya ce wa Malam Istifanus ya shiga ya take totur har ƙasa, kada ya ɗaga, ya murza.

Injin ya juya. Ya juya. Ya yi tari, ya yi kamar zai koma, sai ya kama da wata irin ƙara, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan motar. Suka jira. Hayaƙin ya yi ta raguwa har ya zama ba a ganinsa, ƙarar ta kwanta ta zama gurnani mai laushi irin wanda motar ke yi ranar da aka kawo ta Ƙarfi. Ta gefen kafaɗar ubanta Salome ta ga wutar rawaya ta mutu da kanta.

Har Funtua Gwaggo zancen ƙwanta kawai take yi. Sau biyu Malam Istifanus yana kai yatsa yana shafa wurin da filasta take a da, inda ta bar ɗan danƙo mai kusurwa huɗu. Salome ta saki gefen ɗankwalinta, da yanzu babu abin da ya riƙe shi, ya rufe mata rabin fuska.

A bakin kasuwa ya tsaya, ruwa ya ɗauke. Wannan karon bai manta ba, ya zagayo ya buɗe ƙofar baya ta wajen yayarsa, ya koma ya buɗe ɗayar, yana kallon wani wuri can. Masu sayen ƙwai suka yanyame Gwaggo tun ba ta sauke ƙafa ba. Salome ta miƙa kwanon, ta tura littafin ƙarƙashin kujerar direba inda hannu zai same shi. A nan ta ga filastar har yanzu tana manne a bayan hannunta. Ta rufe ta da ɗaya hannun.

"Yaya," ta ji ubanta yana cewa ta saman motar, "ɓera dai na yarda, kin san warinsa. Amma rawaya da baƙa fa? Kuma wa ya cire mini filasta?"

"Ka cika tambaya. Bari in sallami mutanen nan."

"Ina jira."

Gwaggo ba ta iya riƙe sirri, duk Ƙarfi an sani, yanzu za ta tona. Salome ta zuro ƙafa ta ɗaya ƙofar, ta taka cikin taɓo. Wasu mata uku masu tallan gyaɗa suna wucewa za su shiga layin 'yan hatsi. Ta sunkuyar da kai ta bi bayansu, ta shige tsakiyarsu, tun Gwaggo tana cinikin ƙwai ba ta waiwayo ba.